Masu Cika Gurbi a Zangon Kwatano

Shagunan buga takardu na Zangon Kwatano, daga kewayen babban masallaci har hanyar kasuwar Dantokpa, kowanne na da tarin samfuran takardu a kwamfuta: wasiƙar neman aiki, rasit, katin biki, yarjejeniyar sayar da mota. An riga an tsara komai a Word, saura cika gurbi. Masu kukan cewa wannan ya kashe basira ya kamata su zauna a bencin shagon su yi kallo, domin samfurin ɗaya ne, amma kowa halinsa yake zubawa a ciki.

Akwai sarkin gaggawa, wanda ɗan zemijan ke jiransa a waje da babur a kunne. Shi ne zai canza sunan ango ya bar na amaryar wani, a buga kati ɗari biyu kafin surukai su lura. Akwai Alhaji mai son ado, dillalin motocin tashar jirgin ruwa, wanda bai yarda takarda ta cika takarda ba sai an sa mata zanen jirgi, da tutar Benin, da tutar Nijar, da lambobin waya huɗu, har wurin rubuta kuɗin ya ƙare. Sai matsoraci, mai ganin duk abin da ya tarar a samfuri doka ce ta hukuma; ko Latinancin nan marar ma'ana da ake cike gurbi da shi ba zai goge ba, wai kada takardar ta lalace. Kishiyarsa shi ne gwanin da ya fi ƙarfin samfuri. Ya zo daga Kano ta Seme, yatsunsa sun saba da allon QWERTY, ya tarar da AZERTY na ƙasashen Faransanci, duk inda ya nufi "a" sai "q" ta fito. Duk da haka ba zai karɓi taimako ba: da maɓallin tazara yake tura take zuwa tsakiya, kamar mai kora akuya da tsinke. Shi kuwa mai shagon, filashinsa na rataye a wuya, ko yaronsa bai san inda ya ɓoye samfurin wasiƙar kwastan ba.

Za a ce ai takardun sun zama iri ɗaya. To, yaushe suka bambanta? Tun kafin Word ta fito a 1983, malamin da ke rubuta wa fatake wasiƙa da ajami yana da zubinsa a ka: bisimilla, gaisuwa mai yawa, fatan alheri, sannan buƙata. Faransanci ma, harshen ofis a Benin, yana da doguwar jimlar ban kwana da ba mai ƙirƙiro ta. Gadonta ake yi.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne cewa ba don mu aka yanka waɗannan samfuran ba. Babu gurbin bisimilla, babu na "Alhaji", kuma wasu zubin haruffan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su mayar da su akwatuna. Wannan gaskiya ne, amma gyaransa aikin yini ɗaya ne: a tsara namu, a adana. Masu shagunan da suka yi haka sun huta da gwani da matsoraci. Sarkin gaggawa ne dai har yanzu ba a samo masa magani ba, don shi karantawa ce ba ya yi.