Baba, Ta Ƙi Daina Kuka

Jiya Asabar uwargida ta tare ni da albishir tun ban gama shan koko ba: motar Baba tana wurin bakanike, ga ɗaurin aure a Kura ƙarfe sha ɗaya, kuma ta riga ta gaya masa ni zan kai shi. Baba mahaifinta ne. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. A tsugune nake gaishe shi, kaina a ƙasa, kuma duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce lafiya lau da Allah ya ƙara girma ba.

Ya fito cikin farar shadda sabuwar bugu, babbar riga mai aiki tun daga wuya har cibiya, carbi a hannu. Bayansa ga ƙanensa, Baffa, wanda ya yi direban ma'aikata zamanin da ake harhaɗa Fijo 504 a Kaduna, kuma tun daga lokacin ya yanke hukunci babu abin da wata mota za ta ɓoye masa. Baba ya shiga gidan gaba ya tattara rigarsa bisa cinya. Baffa ya baje a baya. Na ɗaura bel ɗina, na yi bisimilla, na ja.

Muna hawa kwalta ta soma. Ɗin. Ɗin. Ɗin.

Ni na san mene ne. Motata 'yar Kwatano ce, a Turai ta yi ƙuruciya, can aka koya mata wannan hali. A cikin katifar kujerar gaba akwai ɗan faifai mai jin nauyi, a ramin da bakin bel ke shiga kuma akwai ɗan makunni. In faifan ya ce akwai mutum, makunnin ya ce ba a ɗaura ba, gudu kuma ya kai wajen kilomita 20, sai ta kai ƙara. Ko buhun shinkafa ka ɗora a kujerar haka za ta yi, don ita nauyi ta sani, ba ta san girma ba. Maganin abin bai wuce a ce "Baba, ɗaura bel" ba.

To, wa zai faɗa? Wannan umarni ne, kuma ban ga ranar da zan umarci mutumin da ya ba ni 'ya ba. In ce "Baba, da za a taimaka a ɗaure", wa zai taimaka, wa za a ɗaure? In ce "saboda tsaro", na nuna ke nan ina da niyyar kifar da shi kafin Kura. Ga kuma rigar. Mai bugu ya kwana yana dukanta har ta ɗauki ƙyalli, ni kuma in ce a ratsa mata igiya a ƙirji ta isa wurin ɗaurin aure da kwari a tsakiya.

Kada a ɗauka ina gaba da bel. Wani injiniya ɗan Suwidin, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro irin wannan mai ratsa kafaɗa da ƙugu a kamfanin Volvo a 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa fasahar kyauta, abin da ba kasafai 'yan kasuwa ke yi ba. A nan gida 'yan Road Safety sun fara kama marasa ɗaurawa tun 1 ga Janairun 2003, kuma a wannan dai ina bayansu. Masu sayen ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a ramin don a toshe wa mota baki, da masu zagaya bel ta bayan kujera su zauna a kai, kansu suke cuta, domin ranar da jakar iskar nan ta fashe ta tarar da mutum a sake, ita ma duka za ta ƙara masa. Duk wannan ina faɗa wa abokai a majalisa, har da ɗaga murya. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya ba ni 'yarsa.

Sai na koma dabara. Na sauke gudu ƙasa da 20, ta yi tsit. Muka kama titin Zariya a haka, 'yan Adaidaita Sahu suna wuce mu suna leƙe, har wani ɗan garuwa ya fara jerawa da mu da kurarsa. Baba ya dubi agogonsa bai ce komai ba. Ya sake duba. Na taka. Ɗin, ɗin, ɗin, yanzu ma da sauri-sauri, don tana ƙara fushi in aka yi banza da ita.

Baba ya laluba aljihu ya zaro waya ya kara a kunne. "Salamu alaikum." Ya saurara. Ya ce, "Sabis ne," ya mayar.

Na kunna rediyo don in danne ta, aka dace da sanarwar rasuwa. Mai sanarwa yana jero 'ya'ya da jikokin mamaci, mota tana buga ƙararrawa bayan kowane suna. Baba ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Na kashe.

A nan Baffa ya gyara zama, ya ɗora haɓa a kan kujerata.

"Mai ne."

"Tanki a cike yake, Baffa."

"To ya yi mata yawa."

Da muka shiga cunkoson Unguwa Uku sai ya ce ƙofa ce, kowa ya buɗe tasa ya rufe. Muka buɗe muka rufe, har da Baba. Mota a tsaye take, dole ta yi shiru, Baffa ya ce, "Ka gani?" Hanya ta buɗe, na ja, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ya ce ni ne ban buga tawa da zuciya ɗaya ba. Daga nan ya gano zafi take ji: an ɗauko baiwar Allah daga ƙasar ƙanƙara an kawo ta Kano da bazara, ba dole ta yi kuka ba? A kashe sanyi, a sauke gilasai ta sha iska. Aka sauke. Ƙura ta shigo ta sauka a kan farar shadda. Ya ce in daki gaban motar da tafin hannu, can wajen agogon gudu, amma da ladabi. Na daka da ladabi. Ya ce to wannan sai Ƙofar Ruwa, akwai yaron da ya sani a can, waya ɗaya zai datse, in ta ƙi ya zare fis ɗin gaba ɗaya kowa ya huta.

"Fijo ba ta taɓa yi wa babba tsawa ba," in ji shi. "In tana da damuwa sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya, kai da kanka ka gane."

Na tuna Amurkawa, na ji hassada. Su a 1974 aka sayar musu da motocin da ba sa tashi sam sai an ɗaura bel. Suka yi ca a kan 'yan majalisarsu, kafin shekarar ta ƙare aka soke dokar, aka ce ƙarar da za a tilasta wa masu ƙera mota kada ta wuce daƙiƙa 8. Su ke nan, suna da inda za su kai kuka. A Turai kuwa masu ba motoci makin aminci so suke ƙarar ta kai aƙalla daƙiƙa 90, kuma tawa ta riƙe wannan "aƙalla" hannu bibbiyu.

Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na ƙarfin hali, na fuskanci gilashin gaba, na yi magana da shi: "Motocin yanzu sai a hankali. Bel kawai suke nema."

Baba ya ce, "Ikon Allah."

Baffa ya daki cinyarsa. "Fanbel! Abin da ke bakina ke nan tun ɗazu. Tsaya, tsaya, tsaya!"

Na gangara gefe daidai 'Yan Lemo a Na'ibawa. Ya fita yana naɗe hannun riga, ya ɗaga bonet, ya ƙwala wa mai fiya wata kira, ya ce kada in kuskura in kashe inji. Bonet ya rufe mu daga gaba. Baba ya jingina, ya lumshe ido, carbi na tafiya a hankali tsakanin yatsunsa. Bakin bel ɗin kuwa ga shi can yana lilo a bayan kafaɗarsa ta dama, yana walƙiya. Zuciyata ta ce: miƙa hannu ɗaya, jawo, danna, shi ke nan, kafin ya buɗe ido an gama, in ya tambaya ka ce motar ce ta ɗaure shi da kanta, ai ta Turai ce.

Na kwance nawa. Na dafa bayan kujerarsa da dama, na juya, na miƙa hagu ta gaban fuskarsa. Hagu fa, a gaban suruki. Na cafko ƙarfen na fizgo da sauri don in gama da wuri.

Duk mai mota ya san abin da bel ke yi in an fizge shi. Don haka aka yi shi: a ja a hankali ya biyo, a fizga ya ƙulle, ya ɗauka karo aka yi. Ya biyo ni taƙi ɗaya ya cije. Ni kuma na riga na saki nauyina gaba. Hannun dama ya zame daga kujera ya zagaye wuyan Baba. Maɗaurin agogona ya shige cikin zaren aikin rigarsa ya sarƙe. Kumatuna ya sauka a ƙirjinsa, na kwanta luf kamar ɗan yaye da ya ga uwarsa. Ƙuguna kuma ya sami hon ya zauna a kai.

Baba ya buɗe ido.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan tare da ni, don ni tun jiya a nan nake. Tsakanin idona da nasa bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Duk haɗa idon da na yi shekaru ina kauce wa, ashe tara mini ake yi a biya ni lokaci guda. Na ga furfurar girarsa ɗaya-ɗaya. Na ga kwallin da ya sa. Ina jin bugun zuciyarsa a kunnena, a natse, ba ruwanta, tawa kuwa tana neman hanyar fita ta maƙogwaro. Turarensa ya cika mini hanci har atishawa ta taso, na haɗiye ta, ta koma ta fito ta ido. Wato yanzu ga ni rungume da surukina, a bakin titi, da hawaye. Hon yana ta kwarara. Na ja hannu, zare ya ce ƙiii, na fasa. Na ɗaga ƙugu, hon ya ɗauke, na zame, ya dawo.

Masu lemo suka bar tirensu suka yanyame taga, gilasai kuwa a sauke suke bisa umarnin Baffa. Wani ya ce, "Allah sarki, rasuwa aka yi musu." Wani ya ce a'a, aljanu ne, a yi masa kiran salla a kunne. Wani dattijo mai kankana ya ce a matsa masa lemon tsami a hanci, kuma yana da shi, uku ɗari biyu. Baffa ya leƙo ta gefen bonet, ya dube mu sama da ƙasa, ya ce, "Riƙe shi haka, kada ka saki, ina ganin abin!"

Baba ya ce a hankali, "Lafiya, ɗan nan?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya ce, bel. Amma abin da bakina ya ga dama ya fitar, daga cikin shadda, da murya mai rawa, shi ne:

"Baba, a yi haƙuri. Tun da safe take kuka. Na yi iya yina, ta ƙi dainawa. Wallahi na rasa yadda zan yi da ita."

Ya yi shiru. Sai na ji tafin hannunsa a bayana, yana bubbugawa.

"Subhanallahi. Ashe abin da ke cin ka ke nan. Tun da na ga tuƙinka na ce yaron nan akwai abin da ke damunsa." Ya nisa. "Haƙuri za ka yi. Haka uwarta take."

Masu lemo suka ce Allah ya daidaita. Dattijon nan ya mayar da lemon tsaminsa.

Ban iya gyara maganar ba. Ta ina zan fara? In ce ba 'yarka nake nufi ba, motata nake nufi, wato saboda mota na rungume ka? Baba ya ci gaba da nasiha: zaman aure ɗan haƙuri ne, mace ba a biye mata, shi da ya biye da tuni gidan ya watse. Yana yi yana warware zaren daga agogona da farce, sili-sili. Da ya gama ya zare ƙarfen bel ɗin daga hannuna, ya sassauta masa ya koma, ya jawo shi sannu a hankali, ya gyara rigarsa a ƙarƙashi yadda ba za ta yamutse ba, ya danna. Ƙas. Ko kallon ramin bai yi ba. Bai ma katse maganar da yake yi ba.

Baffa ya sauke bonet ya shigo yana yarfe hannu, gaban rigarsa sharkaf. Na ɗaura nawa, na ja. Ashirin. Arba'in. Sittin. Tsit kake ji.

Ya bari har muka wuce Kwanar Dawaki kafin ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Ka ji ta yi shiru? Ruwan sanyi take so, ba wani abu ba. Kullum da asuba, tun kafin ta fara, ka sami leda biyu ka watsa mata. In ta ƙi ji, kada ka wahalar da kanka, ka kawo mini ita mu kai ta Ƙofar Ruwa, ka cika kuɗi ka ɗauko wata."

Baba ya juyo gaba ɗaya, iyakar inda bel ya bar shi.

"A'a. Ba a kai nan ba. Zan sa uwarta ta yi mata magana."