Yadda Ake Soke Mabuɗin API Ba Tare da Ka Kulle Kanka a Waje Ba

Ba zan ɓata maka lokaci da yadda ake girka boto3 ba. Duk wanda ya kai ga neman soke mabuɗin AWS da Python ya wuce nan, kuma ba nishaɗi ya kawo shi ba: an ga wani dogon rubutu mai farawa da AKIA a inda bai kamata ba. Mu ma abin da ya same mu ke nan kwanan nan, ana shirin tashi daga aiki.

Na ɗaya, kada ka goge, dakatar da shi tukuna. Kira update_access_key ka mai da shi Inactive. Wanda aka dakatar ana iya farfaɗo da shi, wanda delete_access_key ta taɓa kuwa ya tafi ke nan.

Na biyu, ka rubuta UserName. In ka kira list_access_keys babu shi, naka mabuɗan za ta jero maka, layi na gaba ya kashe su, sai ka tsinci kanka kana kallon InvalidClientTokenId alhali ɓarawon yana ciki yana sha'aninsa.

Na uku, gano masu amfani da mabuɗin. Akwai get_access_key_last_used, za ta faɗa maka lokaci da yanki da sashen da aka taɓa, amma ba za ta faɗa maka waye ya yi amfani da shi ba. Nan ne fa raina yake ɓaci. Wani bawan Allah ya ƙirƙiri mabuɗin shekarun baya, ya tura wa abokin aiki ta WhatsApp, shi kuma ya liƙa shi a manhajar biyan kuɗi, wani ya sa a shirin da ke adana bayanai cikin dare, wani ya kwafa a kwamfutarsa ta gida. Mai ƙirƙirar ya daɗe da barin aiki. Ka tambaya, kowa ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Ka dakatar da shi, kafin ka miƙe wayarka ta ɗauki ruri, kowa na cewa aikinsa ya tsaya. To ina kuke lokacin da nake tambaya? Mabuɗi ɗaya, hannu goma, kamar bokitin rijiyar unguwa! Ga shi kowane mai amfani a IAM na AWS mabuɗi biyu kacal yake iya riƙewa, don a ƙirƙiri sabo a koma kansa kafin a kashe tsohon. Ka je ƙirƙira, ka tarar gurbi na biyun ma wani ya cika shi, babu mai sanin dalili.

Sai kuma mai cewa, "Ai na goge layin daga Git." Haba malam! Tarihin yana nan. A 2016 a GitHub maharan Uber suka tsinci mabuɗan AWS, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57. A 2022 Toyota ta sanar cewa wani mabuɗinta ya yi kusan shekara 5 a fili a can. Mabuɗin da ya fita ya fita, soke shi kawai.

Na huɗu ne ko na biyar, lissafin ya kuɓuce. In za ka bi duk masu amfani ka duba mabuɗansu, list_users mutum 100 take kawowa a zubi ɗaya, ka yi amfani da get_paginator, in ba haka ba ka bar na 101 da mabuɗinsa a raye.

Wanda ya fi hana ni barci shi ne wannan: kashe mabuɗi ba ya kashe izinin wucin gadi da aka riga aka ciro da shi, mai farawa da ASIA. Wanda aka samu ta GetSessionToken yana iya kaiwa awa 36. Sai ka kafa dokar hani da aws:TokenIssueTime, ta toshe duk wanda aka bayar kafin wannan lokacin. Daga nan ka buɗe CloudTrail, mai riƙe tarihin kwana 90, ka nemi CreateUser da CreateAccessKey, don ɓarawo mai wayo yakan yanka wa kansa sabon mabuɗi tun kafin ka farga da tsohon.