Masu Jan Ciniki a Kura da Kewaye

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya ratsa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, rani da damina ba a rasa abin sayarwa. Mai sayen da zai dawo karo na biyu shi ne aiki, kuma kowa da dabararsa.

Akwai Mai Rantsuwa, wanda jarinsa "wallahi". Ba ka tambaya ba ya rantse shinkafarsa ba tsakuwa. Ka taya, ya ce albarka, ya rantse ko uwar kuɗi bai mayar ba. Ka juya za ka tafi, ya rantse don kai ne kawai ya sallama.

Gwanin gwanaye kuwa shi ne Mai Kwalliyar Kwando na Kwanar Gafan. Tun asuba yake tsince manyan tumatir jajawur, ya jera su a sama kamar kayan lefe. Ƙasan kwandon sai wanda ya gani: ɗanye, matsattse, da wanda tsutsa ta riga ka ɗanɗanawa. Lissafinsa ba za a zazzage ba sai a kasuwar Mile 12 a Legas, kuma wa zai taso daga can saboda kwando ɗaya? Ya manta dillalai suna da waya, direbobi suna da baki. Baɗi sai ka ga ƙaninsa ne ya kawo kaya, shi yana can bayan mota ya ja hula.

Sai Ɗan TikTok. Ya tsaya bakin kanal a gonar maƙwabci yana cewa, "Jama'a, ga gonarmu!" Ya buga buhu mai tambari da sunan kamfani na Turanci, alhali kamfanin daga shi sai wayarsa. Ka tura kuɗi, sabis ya ɗauke.

Masu masarar Karfi ba ruwansu da wannan wahala, tallarsu gudu ce: kafin direba ya taka birki, masara ta shigo ta taga.

A wani lungu na Kura kuma akwai Hajiya mai turara shinkafa. Ba allo a ƙofa, ba tambari, ba rantsuwa. Kwanon awonta bai lotsa ba, gyara ba sai ka roƙa ba, in ka tsinci tsakuwa ka dawo da kayan a canja maka. Masu sari daga Kano tun da safe suke kama layi a zaurenta. In ka iso bayan azahar, sai dai ka bar kuɗinka ka dawo gobe.