Masu Ɗana Sabon Babur a Hédzranawoé

A gefen kasuwar gwanjo ta Hédzranawoé, kusa da filin jirgin saman Lome, an ciro sabon babur daga kwali: ƙato, mai faffaɗan sirdi da akwatunan kaya, irin na cin doguwar hanya. Dillali bai gama goge shi ba masu ɗani suka yi masa zobe.

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, shi ne ya fara ɗarewa. Sana'arsa ta kafu a Lome ne lokacin yajin aikin gama-gari na 1992, kuma har yau tambayarsa ɗaya ce: «Mai nawa yake sha?» Ya zaga sau ɗaya, ya dawo yana yatsina. Wai wannan giwa ba za ta kurɗa tsakanin motoci a titin Jean-Paul II ba, gara tsohuwar Haojue ɗinsa.

Alhaji mai dilolin gwanjo kuwa ko kan babur ɗin bai kalla ba. Baya ya nufa, yana auna mazauni da taƙi. «Yaro, dila nawa zai ɗauka?» Aka ce ai na yawon buɗe ido ne, ranka ya daɗe. Ya ce shi idonsa a buɗe yake tun kafin a haifi dillalin, a cire akwatunan a sa masa kariya da igiyar roba.

Ga kuma gwani na baka. Ba ya hawa, sai dai ya murɗa totur, ya kara kunne, ya yanke hukunci da Faransanci. Saurayi mai hular kwano rataye a gwiwar hannu shi ma bai tayar da inji ba; abokinsa ya ɗauki hoton, buƙata ta biya.

Wanda ya sa dillali gumi shi ne matafiyi. Ya san babbar hanyar arewa kamar tafin hannunsa: Atakpame, Sokode, tsagin dutsen Aledjo, har Cinkassé, kilomita fiye da 600. Ya karɓi makulli ya ɓace wajen Kégué, dillali na ta leƙen hanya yana salati. Da ya dawo sai yabo: birki lafiya, sirdi kamar katifa. Aka faɗa masa kuɗin da sefa. Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da yayansa.

Ɗan zemijan na nan a gindin bishiya. «Oleyia?» in ji shi, wato za ka tafi? Matafiyi ya haye bayan tsohuwar Haojue, suna cinikin kuɗin tasha.