Jan Layin da Muke Kashewa a Kwamfuta

Mu dai a unguwar nan, duk wanda ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, faɗansa na farko da jan layi ne. Ka buɗe Word ka rubuta sunanka, kafin ka ɗaga yatsa wani jan zare mai lanƙwasa ya shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Ka rubuta Ƙofar Mazugal, ja. Dutsin-Ma, ja. Wanda kuwa ya zauna buga takardar gayyatar ɗaurin aure da Hausa, shafin nasa sai ya koma kamar littafin ɗalibin da malami ya bi da jan biro. Abin da muke yi sananne ne. A kira yaron maƙwabta da ya iya kwamfuta a ce, "Don Allah ɗana, kashe min wannan jan abin, ya ishe ni." Shi kuma ya ce, "To Baba," ya shiga File, ya gangara Options, ya buɗe Proofing, ya cire alamar da ke gaban Check spelling as you type. Shafi ya yi fari tas, kowa ya huta.

Sai an kwana biyu, 'yar gidan ta fara haɗa furojet ɗinta na shekarar ƙarshe, ko yayanta ya zauna rubuta takardar neman aiki da Turanci. Malami ya dawo da babi na ɗaya cike da gyara, ranta ya ɓaci, a gida kuma a yanke hukunci: "Ai dama kwamfutar ta hannu ce, ba ta duba rubutu." Har a ɗauke ta a kai wa masu gyara a Farm Centre, alhali lafiyarta ƙalau. Wannan yana damuna, domin yaran nan suna rasa maki, wasu ma suna rasa kiran ganawa, a kan alama guda da aka cire. Tun Word na 1995 jan layin nan yake aikinsa, kuma mayar da shi bai fi minti ɗaya ba: a bi hanyar da aka bi aka kashe, a mayar da alamar.

To amma wani lokacin an mayar, shiru. A nan halinmu na karɓar fayil a filash yake shigowa. Ƙanwa ta karɓi furojet ɗin yayarta don ta ga tsari, ta goge ta ɗora nata a kai, ba ta san fayil ɗin ya zo da nasa umarnin ba. A can ƙasan shafin Proofing akwai wurin da ake ɓoye kurakuran takarda guda kaɗai, a duba shi. Wanda ya fi wahalar da mutane kuwa yana manne ne a jikin rubutun kansa, duk inda aka kwafe shi zai bi. Maganinsa a danna Ctrl da A a zaɓe komai, a shiga Review, sai Language, sai Set Proofing Language, a cire alamar da ke gaban Do not check spelling or grammar. Nan take za ka ga ja ya tashi a shafin da ɗazu ake rantsuwa babu kuskure a cikinsa.

Akwai kuma son manyan baƙaƙe da muke da shi. Shafin farko na furojet, kanun takardar neman aiki, sanarwar masallaci, duk da manyan baƙaƙe muke buga su don su yi kwarjini. Word kuwa tun daga kamfani an saita shi ya tsallake duk kalmar da ke da manyan baƙaƙe zalla. Shi ya sa kuskure yakan zauna daram a bangon littafin da aka riga aka ɗaure, a wurin da idon mai dubawa yake fara sauka. Wannan ma a shafin Proofing ake cire shi, a gaban Ignore words in UPPERCASE.

Masu cewa "na danna F7 don duba rubutu sai hasken allo ya canja", ku haɗa da Fn. A laftof da yawa layin maɓallan sama na haske ne da sauti sai an riƙe Fn. Wanda kuma yake cike fom a Chrome, ya sani nasa mai duba rubutun daban yake, a Settings ƙarƙashin Languages.

Asalin rigimar dai harshe ne. Na'urar ba ta san daidai da kuskure ba, ƙamus take buɗewa, abin da ba ta gani a ciki ba ta ja masa layi. Kwamfutocinmu na hannu kuwa kowace da inda ta fito. Wadda ta zo daga Amurka za ta ja wa colour da centre layi, alhali haka makarantunmu suke koyarwa, irin na Ingila. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tasu da Faransanci take tashi, idan suka buga Turanci duk ya yi ja. A cikin akwatin nan na Set Proofing Language ake zaɓar harshen da ake so. Hausa ma tana cikin jerin. Sai dai a lura da 'yar alamar dubawa da ke gefen sunan harshe: in babu ita, ƙamus ɗin harshen bai sauka a kwamfutar ba, zaɓarsa zai kawar da jan ne kawai ba tare da an duba komai ba.

Ni abin da nake roƙon mutanenmu shi ne a daina kashewa gaba ɗaya saboda sunaye. Ka danna dama a kan sunan garinku, ka zaɓi Add to Dictionary, daga ranar ya san shi. Amma a tabbata an rubuta daidai kafin a ƙara, don idan aka cusa masa kuskure zai riƙe shi a matsayin gaskiya har sai an shiga an goge.

Masu rubutun Hausa kuma kada rashin ja ya ruɗe su. Idan ka haɗe "shi ne" ka rubuta "shine", ƙamus ɗin Turanci zai bar ta ta wuce saboda yana da irinta. Wanda ya bar lanƙwasar ƙ ya rubuta baki a wurin baƙi, ko kasa a wurin ƙasa, ko ƙamus ɗin Hausa ba zai kama shi ba, tunda dukansu kalmomi ne. Irin waɗannan sai an miƙa wa wani takardar ya karanta kafin a kai wurin bugawa.