Bagobiri, Wake da Taɓarya

Mu Gobirawa muna da abin tinƙaho. Jikokin Bawa Jangwarzo ne mu, kufan Alkalawa na nan kusa da Sabon Birni, kuma tun muna yara ake gaya mana Bagobiri ba ya ba da baya. Sai dai babu wanda ya taɓa gaya mana akwai ranar da Bagobiri zai zauna a tabarma ya kasa tashi.

Tawa ranar a Isa ta riske ni, wajen ɗaurin aure. An shafa fatiha, kowa ya miƙe, gwiwata ta ce ba da ita ba. Na dafa ƙasa, na yunƙura, na koma daɓas. Duk yawan taron nan, wanda ya miƙo mini hannu wani Bayarabe ne mai sayar da kayan babur. Ya ɗago ni yana cewa, "Tashi, bawana, yau ma ubangidanka ya cece ka." Duk wanda ya san wasanmu da Yarbawa ya san gara a ce Gulbin Rima na faɗa.

Da dare na kira ɗiyata da ke aikin jinya a Sakkwato. Ta ce, "Baba, ba sammu ba ne, tsoka ce ke zaizayewa." Wai tun daga shekara 30 tsokar mutum ke raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, in an haura 60 kuma sai abin ya ƙara sauri, musamman ga irina, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma gadin majalisa. Ta ce tsokar tsoho kamar mai nauyin ji ce, ɗan furotin ɗin da zai sa tsokar saurayi ta ginu, ita sai an ɗaga mata murya. Shi ya sa matashi giram 0.8 kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a yini, wanda ya wuce 65 kuwa ana so ya samu giram 1 zuwa 1.2, in dai ba shi da ciwon ƙoda. Mai kilo 60 irina, giram 60 zuwa 72 ke nan.

Na ce, "Nama kike nufi? Tun da ɓarayin daji suka kwashe shanun yankin nan, fanshona da mahauci ko gaisawa ba su yi."

Ta ce ai ga wake. Giram 100 na busasshen wake na da furotin wajen giram 24, na waken suya da ake awara da shi wajen 36, gero kuwa 11. Abin da wake ya gaza a kai gero na da shi, abin da gero ya rasa wake na cike shi, saboda haka haɗa su ake yi. Ta ƙara wata magana game da rabawa safe, rana da dare, amma a lokacin hankalina ya riga ya tafi kasuwa.

Washegari na sa uwargida ta dafa mini rabon yini gaba ɗaya, na zauna bayan isha na share kwano, na bi da ƙuli-ƙuli. Abin da ya biyo baya ba na jarida ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne da asuba na yi ta safa da marwa tsakanin sahu da buta, har ladan ya tambaye ni ko waswasi ya kama ni. Ashe wake na ɗauke da wani irin sukari da hanjinmu ba ya narkarwa, sai ya gangara babban hanji ƙananan halittun ciki su yi biki a kansa, iska ta taru. Maganin abin, a jiƙa shi a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf, a fara da kaɗan.

Saura motsa jiki. Na zaro tsohon wandon wasannin makaranta, gari na wayewa na fita sassarfa. Na manta a garin da nake. A Sabon Birnin yau, inda ake barci da kunne ɗaya a buɗe, dattijo mai furfura ba ya gudu a banza.

"Malam, mi af faru?" in ji mai shayi.

Babu numfashin amsawa, sai na yi masa hannu ta baya, wai ya ƙyale ni. Shi kuwa ya ɗauka nuni nake yi. Ya watsar da tukunya ya biyo ni. Kafin in kai kwana, mata sun fito da goyo, wata na jan akuya, almajirai sun zubar da alluna, 'yan sa-kai na tambayar ta ina suka shigo. Wani tsoho, tsaran yayana, ya wuce ni fuu da buhun gero a kafaɗa.

Da na dafa bango ina haki aka kewaye ni. "Ina suke?"

Na ce, "Motsa jiki nika yi."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, don mutanen da suka sha yin gudun gaske ba su san na wasa ba. Mai unguwa ya yanke mini biyan ƙwai da madarar mai shayi. Dariyar sai da yamma ta zo, har yau kuma ba ta tafi ba.

Tsohon nan mai buhu shi ya tsaya mini a rai. Manomin fadama ne, bai taɓa jin kalmar furotin ba. Koko da ƙosai da safe, fura da rana, tuwo da miyar wake da dare, sauran yinin kuma fartanya. Ɗiyata ta ce shi ne darasin: gudu zuciya yake taimaka wa, tsoka kuwa nauyi take so. Ta ba ni labarin tsofaffi 'yan shekara kusan 90 a Boston ta Amurka, da aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8 a 1990, ƙarfinsu ya ninka fiye da biyu.

Ba ni da gona, titi kuma an hana ni. Nauyin da ya rage a gidana shi ne jarkar ruwa da taɓarya. Yanzu nakan sa sakata a ƙofa, in tsuguna in tashi, in ɗauko ruwa, sannan in karɓi surfen gero, uwargida na kan kujera tana gyara mini riƙo: "Malam, ɗaga da kyau, hatsi kake zubarwa." Gwiwa ta fara jin magana. Sai dai katangarmu gajera ce, sautin dakan namiji kuma ba ya ɓuya. Labari ya riga ya kai Isa cewa an mallake Malam, har Bayaraben nan ya aiko a tambaye ni nawa nake surfa tiya.