Zuwa ga Bazazzagen da Hilux ɗinsa ke fitsarin kwance

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Bayan haka, labari ya iso mu nan Kano cewa tsohuwar Hilux ɗin nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda ka hana mutanen Tudun Wada sakat da hon ɗinta, ta fara fitsarin kwance. Duk inda ta kwana, da safe sai a tarar da jan mai a ƙasa. Da ka kira ni ka ce, "Motana ya lalace, sitiyari ya ƙi juyawa," na rasa wanda zan fara gyarawa, motar ko Hausar. Jami'a a Samaru tun 1962, amma har yau Zage-zagi ba su gane mota mace ce ba.

An ce wata guda kana ɗura mata man sitiyari kowace safiya, kamar mai ba ɗan yaye koko. Ranar da ya ƙare ka kwarara man birki, wai ai mai duk mai ne. Malam, man birki kumbura robobin ciki yake yi har su lalace. Wanda motarka ke sha jan man giya ne, irin Dexron. Duba littafinta, tunda kun ce ku ne masu karatu.

Kukan da take yi in za ka sha kwana kuma, wanda ka ce aljanun Kufena ne, famfon sitiyari ne ke shaƙar iska don mai ya yi ƙasa. Bel ke juya famfon, shi kuma ya tura mai ta tiyo mai ƙarfi zuwa rak, man ya komo gwangwaninsa ta wani tiyon. Yoyon yana cikin wannan zagaye, ba ya gidan boka.

To, kasa kunne. Fara kwance farantin ƙarfen da ke tare cikin motar daga ƙasa, domin shi ke tara mai da laka ya ɓoye maka ɓarawon. A wanke wurin tas, ya bushe, a shimfiɗa kwali, a tayar da inji, yaro ya riƙa juya sitiyari kai kuma kana leƙawa da tocila. Ido kawai, kada ka kai hannu kusa da bel.

In tiyon dawowa ne ke ɗiga, Allah ya so aljihunka, sau da yawa kilif ne ya saki ko bakin tiyon ya tsage. In mai ƙarfin ne, sai sabo. Na san halinka, ka riga ka yanko robar tayar keke za ka ɗaure. Ƙarfin man nan zai tsinka ta kafin ka kai Kwangila. Sannan matsa robobin nan masu lanƙwasa da ke gefe biyu na rak. In ka ji mai a ciki, sil ya mutu, aiki ya koma hannun bakanike.

Bayan gyara a cika mai daidai layi, a ɗaga gaban motar da jak, a juya sitiyari ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu kamar sau ashirin inji a kashe, ana ƙara mai har kumfa ta ɗauke. Kuma ka daina danne sitiyari a ƙurya kana gaisawa da mutane, famfo kake kashewa.

Kuɗin man da ka zubar wa ƙasar Zazzau da tuni ya sayi tiyo biyu. Taho Ƙofar Ruwa ranar Asabar in raka ka, kada su ji Hausarka su ninka maka farashi. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara da ka danne.